Ƙuli-ƙulin Tambaya ta Huɗu

Ranar Litinin da za a fara duba takardun jarabawar share fage, Malama Zahra'u ta isa tun mai gadi bai gama shan kokonsa ba. Ƙarfe bakwai da rabi ɗan adaidaita ya sauke ta a ƙofar makarantar da aka ara a Tarauni, jakarta ɗauke da jan biro sabo guda biyu da gorar ruwa. Shekararta shida tana koyar da darasin noma a wata makarantar kuɗi a Unguwar Gano, amma bana ne aka fara sa sunanta cikin masu dubawa, kuma ta ɗauki abin da girma. Makarantun kuɗi arba'in da ɗaya ne suka haɗa kai suke yi wa 'yan aji biyar jarabawa guda. Yaron da bai haye ta ba, makarantarsu ba za ta yi masa rajistar jarabawar fita ba. Zahra'u ta sha ganin uwa tana share hawaye a ofishin shugaban makarantarsu saboda maki biyu.

Sai goma saura shugaban masu dubawa ya iso. Alhaji Inuwa sunansa, tsohon sufeton makarantu da ya yi ritaya, amma kowa Cif yake ce masa. Dogo ne siriri, tabarau rataye a wuya, yana rungume da fayil kamar za a ƙwace masa. Malamai ashirin da huɗu suka miƙe daga kujerun yara, ya yi musu hannu su zauna.

"Jama'a, magana ɗaya na zo da ita," in ji shi. "Mudu ɗaya. In ka je kasuwa aka auna maka gero da mudu, aka auna wa maƙwabcinka da gwangwanin madara, an yi adalci?"

"A'a, Cif!"

"To haka maki yake." Ya ɗaga jadawalin amsoshi, shafi tara. "Ga mudunmu nan. Abin da ke ciki daidai ne. Abin da ba ya ciki, ko malaminka na firamare ne ya taso daga kabari ya ce daidai ne, ka ba shi haƙuri ya koma."

Aka yi dariya. Zahra'u ta rubuta "mudu ɗaya" a bangon littafinta, ta ja masa layi biyu. Har ga Allah maganar ta shige ta.

Daga nan aka raba takardar gwaji. Amsoshin wani yaro ne aka yi wa kwafi ashirin da huɗu, kowa ya duba shi kaɗai ya ba da maki bisa hamsin, a ga ko hannu zai zo ɗaya. Bayan rabin awa Cif ya tsaya a gaban allo yana rubuta abin da kowa ya kira. Sha ɗaya. Arba'in da uku. Sha tara. Zahra'u ta ce talatin da ɗaya. Wani dattijo a bayan aji ya ce hamsin da biyu.

"Bisa hamsin, Malam?"

"Rubutun yaron ne da kyau, Cif."

Cif ya cire tabarau ya goge fuska. Ya ce makin gaskiya ashirin da bakwai ne, kuma ba wanda zai taɓa takardar gaske sai ya samu ashirin da bakwai da hannunsa.

Zahra'u ta sake dubawa, ta samu talatin. Ta sake, ta koma talatin da ɗaya. Na kusa da ita, Malam Rabi'u, wani kakkauran mutum mai fara'a da ya shekara takwas yana wannan aiki, tuni ya kifa takardarsa yana danna waya.

"Malama, wahalar da kanki kike yi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Fara rubuta ashirin da bakwai ɗin a sama, sannan ki bi tambayoyin ki rarraba musu, kamar watanda."

"Ai ba haka ake nufi ba."

"Me ake nufi? A samu ashirin da bakwai. Ga abinci can ya iso, kuma ba za a buɗe kula ba sai kowa ya samu."

Ta ɗaga kai. Mutum ashirin da uku ita suke kallo, wasunsu sun haifi kamarta. Ta sunkuya ta zare maki huɗu daga inda ta ga ba za su yi ihu ba, ta kira ashirin da bakwai.

Cif ya yi murmushi karo na farko. "Da safe tazarar da ke tsakaninmu maki arba'in da ɗaya ce. Yanzu babu ko ɗaya. Wannan shi ake kira inganci. A buɗe kula."

Washegari aka fito da takardun gaske, ƙunshi-ƙunshi, babu suna sai lamba. Aka raba malamai rukuni huɗu, Zahra'u da Malam Rabi'u suka faɗa rukunin Oga Osita. Shi ma malamin noma ne, a Gyaɗi-Gyaɗi yake zaune da iyalinsa, mutum ne mai sanyin magana da ba ya son a ji kansa da kowa. Aikinsa shi ne ya zari takarda goma daga kowane ƙunshi da aka duba, ya sake bi da koren biro.

A tambaya ta huɗu aka samu matsala. An ce yaro ya kawo abubuwa uku da ake samu daga gyaɗa, kowanne maki ɗaya. Da Turanci ake rubuta jarabawar, jadawalin ma da Turanci yake, kuma abin da ya lissafa uku ne kacal: mai, da bota, da kek. Yaran kuwa, duk wanda ya rubuta mai, abin da ke biye da shi ƙuli-ƙuli ne. Wasu sun ƙara da tunkuza, wasu kunun gyaɗa, wasu harawa. Ba su san sunayensu da Turanci ba, sai suka rubuta su yadda suke kiransu a gida. Zahra'u ba ta ko tsaya tunani ba, ta riƙa ba su makinsu.

Kafin azahar Oga Osita ya zo ya tsaya a kanta da takardu goma, duk ya soke makin ƙuli da kore.

"Malama, wannan babu shi a jadawali."

"Oga, daga ina ake samun ƙuli-ƙuli?"

Ya ja kujera ya zauna. "Ni kike tambaya? A Sabon Gari aka yanke min cibiya. Garin kwaki da ƙuli su suka riƙe ni har na gama makarantar kwana. Kuma ke kin sani, na sani, kek ɗin da suke faɗa ba na bikin aure ba ne, abin da ya rage ne in an matse mai. Tunkuza ke nan. In aka soya ta zama ƙuli."

"To me ya sa ka soke?"

"Saboda ni ma akwai mai duba nawa."

Ta ce to su je gun mai duba nasa. Bai so ba, amma ya tashi.

Cif yana ofishin mataimakin shugaban makaranta, ƙarƙashin fanka. Ya saurare su har ƙarshe, bai katse su ba, yana gyaɗa kai kamar alƙalin da ya riga ya san hukunci.

"'Yata, ban ce ba daidai ba ne," in ji shi. "Cewa na yi babu shi a takarda. Magana biyu ce daban."

"Ranka ya daɗe, yara ne fa za su faɗi a kan abin da suka sani."

"Saurara. Ba mu kaɗai muke duba takardar nan ba. Akwai ɗaya cibiyar a Hotoro, rabin takardun suna can. In mu muka karɓi ƙuli su suka ƙi, yaron da takardarsa ta zo nan ya ci, wanda tasa ta je can ya faɗi, alhali amsarsu ɗaya. Wannan shi ne zalunci. Amma in duk muka ƙi, kowa ya sha daidai da kowa."

"Ko da kuskure ne?"

"Kuskuren da ya game kowa ai ba ya nuna bambanci."

Oga Osita ya ce a hankali ko za a buga wa shugaban Hotoro waya a daidaita, tunda magana ce ta minti biyu. Cif ya dube shi kamar ya yi saɓo. Ya ce shugaban cibiya ba ya kiran shugaban cibiya, sai dai kowa ya rubuta wa Sakataren ƙungiya. Ya buɗe fayil ya zaro fom ɗin ƙorafi ya miƙa wa Zahra'u, ya ce ta cika kwafi uku. Kafin amsa ta zo, a ci gaba da sokewa.

A hanyarsu ta komawa zaure Oga Osita ya ce mata, "Ki soke yadda ya ce. Amma duk takardar da ke da ƙuli, ki ɗiga mata fensir a kusurwa. Wa ya sani."

Da la'asar ta biya ta gidan mahaifiyarta a Gyaɗi-Gyaɗi. Inna ta fi shekara talatin tana matsar mai tana suyar ƙuli, duk layin nan ita ke ba masu tsire da masu shago. Zahra'u ta same ta a tsakar gida tana murza tunkuza a faranti, kasko yana ƙara a gefe. Ta zauna a tabarma ta ba ta labari tun daga farko.

Inna ta dakata da murzawa. "Tsaya in gane. An tambayi yaro me ake samu daga gyaɗa, ya ce ƙuli, aka ce ya faɗi?"

"Haka ne, Inna."

"To me ake samu? Siminti?"

"Wai kek."

"Shekara talatin ina wannan sana'a ban taɓa matsa gyaɗa kek ya fito ba. Shi mai wannan hukunci ɗan ina ne?"

"Ɗan cikin gari ne, Inna. Alhaji ne ma, dattijo."

"Ashe boko har mantuwa yake sawa." Ta ɗauko leda ta cika ta da ƙuli, mai zobe da mai faɗi, ta ƙulle. "Ungo, kai masa. Ki ce ya ci, in ya ji ɗanɗanon masara ya aiko min."

Zahra'u ta yi dariya, amma ta karɓa.

Ran Laraba ta tarar zauren ya rabu biyu. Labarin fom ɗinta ya zaga, an samu 'yan ƙuli da 'yan takarda. Wani malami ya rantse ba zai ƙara soke ƙuli ba ko za a kore shi. Wata malama ta ce in aka buɗe wa ƙuli ƙofa, gobe daƙuwa za ta shigo, jibi miyar taushe. Rukuni ɗaya yana bayarwa a ɓoye, wani yana ba da rabin maki, sauran suna sokewa. Hayaniya ta kai har ofis. Cif ya fito ya ga mudunsa yana neman fashewa, ya yi abin da ya saba yi tun yana sufeto: ya kafa kwamiti.

Mutum biyar aka zaɓa. Malam Rabi'u ne shugaba, don shi kaɗai ya gama ƙunshinsa uku, har yana neman na huɗu. Yadda yake yi kuwa, ya kalli shafin farko, ya kalli na ƙarshe, ya ɗan jijjiga takardar a hannu, maki ya fito. Oga Osita yana ciki. An hana Zahra'u shiga, wai ita ce mai ƙara. Da ta ga haka sai ta fito da ledar Inna ta ajiye a kan tebur, ta ce ga shaida.

Kwamiti ya shiga ɗakin karatu da shaida, aka rufe ƙofa. Bayan awa ɗaya Malam Rabi'u ya leƙo, yana kakkaɓe gaban riga.

"Malama, samfurin nan bai isa a yanke hukunci ba. Ko akwai ƙari? In da ɗan yaji ma zai taimaka."

Ta ce babu. Ya koma da alamar an tauye wa bincike haƙƙi.

Bayan azahar suka fito da rahoto shafi biyu, Malam Rabi'u ya karanta a gaban kowa. Kwamiti ya gamsu, ba tare da saɓani ba, cewa da gyaɗa ake yin ƙuli-ƙuli. Amma kan ko shi ne kek, an rabu. Mutum biyu sun ce mai faɗin zai iya zama kek, mai zoben kuwa a'a, kuma abin takaici yara ba su fayyace wanne suke nufi ba. Mutum ɗaya ya ce ba a kek babu ƙwai. Oga Osita ya kawo littafin darasi na aji biyar, ya nuna inda aka ce kek shi ne abin da ya rage bayan matsar mai, ana ba dabbobi.

"Yauwa!" in ji Cif. "Ka ga ni ba. Na dabbobi ne. Ƙuli kuwa mutane ke ci. Ko akwai dabba a kwamitin nan?"

Aka haɗa rahoton da fom ɗin Zahra'u aka aika wa Sakatare.

Ran Alhamis da hantsi amsa ta shigo wayar Cif. Ya sa tabarau ya karanta a tsaye. Ƙungiya ta amince a karɓi ƙuli-ƙuli, da sharaɗin yaro ya rubuta shi da karan ɗori a tsakiya. Wanda ya haɗe kalmar, ko ya raba ta ba karan ɗori, ko ya rubuta ƙuli sau ɗaya, bai samu ba. Ba a ce komai kan tunkuza da harawa ba, don haka suna nan a soke.

Aka kwance ƙunshin da aka riga aka ɗaure, takarda dubu biyu da ɗoriya. Rukunin Oga Osita ya huta, saboda ɗigon fensir ya nuna musu takardun da ke da ƙuli. Sauran suka wuni suna buɗe shafi suna neman karan ɗori. Dattijon nan mai hamsin da biyu ya aro tabaran Cif yana leƙen wata takarda, yana tambaya ko wannan karan ɗori ne ko kashin ƙuda. Zahra'u da idonta ta ga Malam Rabi'u ya ajiye jan biro ya ɗauki shuɗi irin na yaran, yana taimaka wa yara da karan ɗori inda suka manta.

"Malam Rabi'u!"

"Sadaka ce, Malama. Ke kika fara, ni ina ƙarasawa."

Ba ta kai ƙararsa ba, kuma abin ya dame ta har ta koma gida. Ta rasa wanda ya fi laifi tsakaninsa da ita da ta yi shiru.

A cikin wannan aikin ne ta sake cin karo da wata takarda da ta tsaya mata a rai tun ran Talata, mai lamba ɗari huɗu da sha bakwai. Ba ta san ko mace ce ko namiji ba. Mai takardar bai tsaya ga lissafa abu uku ba, sai da ya bayyana yadda ake soya gyaɗa, a murje, a kai inji, a zuba ruwan zafi a juya har mai ya taso, da Turancinsa mai ɗingishi amma ba kuskure ko ɗaya a aikin. Ya rubuta mai, ya rubuta tunkuza, ya rubuta ƙuli sau ɗaya. Maki ɗaya ya samu cikin uku. Jimillarsa ashirin da uku, ana hayewa da ashirin da biyar. Zahra'u ta daɗe tana kallon takardar. Shuɗin biron Malam Rabi'u yana nan a kan tebur, kusa da gwiwar hannunta. Ta mayar da takardar cikin ƙunshi yadda take, ta ɗaure, ta fita waje ta wanke fuska.

Ran Juma'a, ana shirin tashi a tafi masallaci, wani saƙon ya shigo. Sakatare ya gano cewa cibiyar Hotoro ta gama aikinta tun ran Laraba, ta soke ƙuli gaba ɗaya, ta miƙa sakamako, malamanta sun watse. Ba za a iya tara su ba. Don haka, domin tabbatar da ma'auni ɗaya, an janye tambaya ta huɗu. A ba kowane yaro maki uku.

Zauren ya kaure.

"Har wanda bai rubuta komai ba?" Zahra'u ta tambaya.

"Kowa," in ji Cif.

"Ranka ya daɗe, akwai wanda ya rubuta fetur."

"Shi ma ɗan wani ne."

Bayan an sauko daga masallaci aka kwance ƙunshin a karo na uku. Da ta zo kan ɗari huɗu da sha bakwai ta soke ɗaya ta rubuta uku, jimilla ta tashi ashirin da biyar cif. Ta ji daɗi, ba ta ɓoye wa kanta ba. Takardar da ke biye ta mai fetur ce, shi ma ta rubuta masa uku da wannan biron, daɗin ya ragu.

Da yamma aka yi ɗan taron rufewa. Cif ya sanar da cewa a tambaya ta huɗu an samu daidaito ɗari bisa ɗari tsakanin cibiyoyi biyu, abin da ba a taɓa samu ba tun kafa ƙungiya. Aka tafa. Aka ba Malam Rabi'u takardar yabo ta wanda ya fi kowa sauri da bin ƙa'ida. Da aka karanta sakamakon masu dubawa, Zahra'u ce ta biyun ƙarshe, saboda koren biro ya fi yawa a takardunta na ranar farko.

Tana haɗa jakarta Cif ya aiko a kira ta. Ta shiga tana jiran faɗa.

"'Yata, na ga fom ɗin da kika cika. Turancinki a tsaye yake. Mai buga mana takardu matarsa ta haihu, ni kuma idona ba ya jure kwamfuta. Ki rubuta mana rahoton cibiya, ki kawo ran Litinin."

Ta ce to. A bakin ƙofa Oga Osita ya tare ta, don ya ji komai.

"Malama, na ga idonki. Rahoto ba wurin faɗin gaskiya ba ne. Ki ce an fara lafiya an gama lafiya."

"In na rubuta abin da ya faru, Oga, za ka ce ƙarya na yi?"

"A'a. Amma kada ki sa sunana kusa da fensir."

Ranar Asabar da safe ta zauna ta rubuta shafi huɗu. Ta faɗi yadda aka samu ashirin da bakwai. Ta faɗi yadda kwamiti ya cinye shaida, da wunin neman karan ɗori, da makin mai fetur. Ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta kuma yi zagi ba. A ƙarshe ta ba da shawara biyu: a riƙa nuna wa malaman da ke cikin aji jadawali kafin a buga shi, kuma a ƙarƙashin kowace amsa a ƙara layi ɗaya, "da duk wata amsa da ta dace." Ta kai ran Litinin tana ganin ta yi sallama da wannan aiki. Cif ya juya shafukan, ya yaba yadda ta sa lamba a kowane sakin layi, ya sa hannu.

Wata biyu ba ta ji komai ba. Sai ga wasiƙa daga ofishin ƙungiya, ta hannun shugaban makarantarsu. An yaba wa cibiyar Tarauni don rahotonta ne kaɗai ya iso a kan lokaci, kuma an tura shi ga cibiyoyin sauran darussa ya zama samfuri. Daga baya Oga Osita ya faɗa mata, yana dariya har da riƙe ciki, cewa masu duba jarabawar lissafi sun kwafe shi kalma da kalma suka canza suna kawai, har da inda kwamitinsu ya cinye ƙuli.

Amma akwai wanda ya karanta shafi na huɗu, ko da ba a san ko wane ne ba. Da shekara ta zagayo sunan Zahra'u ya sake fitowa, wannan karon a matsayin shugabar rukuni. Aka taru a zauren nan, aka raba sabon jadawali, sai ga layinta a ƙarƙashin kowace amsa. Ta dubi Oga Osita, ya ɗaga mata gira.

Cif ya karanta layin a fili, ya sake karantawa, ya juya takardar baya ya duba.

"Da duk wata amsa da ta dace," ya ce. "Madalla. To ina jerinsu?"

Oga Osita ya ce, "Cif, ai ba su da jeri. Mu ne za mu duba mu gani."

"Mu? Kowa da kansa? Haba, Osita."

Nan take ya rubuta wa Sakatare a aiko da cikakken jerin sauran amsoshin da suka dace. Sakatare ya amsa cewa ana kan aiki. Har aka gama makon jerin bai iso ba. Rukuni biyu suka ce ba za su karɓi komai ba sai sun ga jeri. Zahra'u da Oga Osita kuwa suka haɗa teburansu wuri ɗaya. Duk amsar da ba ta cikin jadawali a karanto ta a fili, a yi gardama, in an yarda a rubuta ta a allo kowa ya bi. Zuwa Laraba allon ya cika, malaman sauran rukunan suka fara zagayowa suna leƙe, wai sun zo aron abin goge fensir. Aikin ya ƙara kwana biyu a kan na bara, Malam Rabi'u ya yi ta mita bai samu takardar yabo ba.

Rahoton shekarar Cif da kansa ya rubuta shi, da hannu. Ya ce an fara lafiya an gama lafiya, sai dai yana baƙin cikin sanar da ƙungiya cewa inganci ya ɗan ja baya.